Azumin da ake shan ruwa: fashin baƙi kan kwana arba'in na Katolika a Arewa

A shekarar 2025 Larabar Toka, ranar da Katolika ke fara azuminsu na kwana arba'in, ta faɗo ranar 5 ga Maris, Musulmi na da 'yan kwanaki da kama azumin Ramadan. A 2026 kuwa ta faɗo 18 ga Fabrairu, kafaɗa da kafaɗa da farkon watan azumin. Wannan haɗuwa ta sa a garuruwa irin su Kaduna, Zariya, Kano da Jos, inda Kirista da Musulmi ke zaman gidan haya ɗaya ko layi ɗaya a kasuwa, tambaya guda ta yi ta yawo a bakin mutane. Maƙwabci ya ce yana azumi, ga toka a goshinsa, amma ga shi riƙe da ledar ruwa da tsakar rana. Wane irin azumi ne wannan?

Ba tambayar raini ba ce. Wanda ya tashi ya tarar ana kame baki daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, ba ci ba sha, dole ya ga na Katolika wani iri. Kuma idan ciki kaɗai za a ɗora a ma'auni, abin da dokar Cocin ta wajabta bai taka kara ya karya ba. A cikin lokacin gaba ɗaya, kwana biyu ne kawai na azumin dole: Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, ranar da ake tuna gicciye Yesu. A ranakun nan mutum zai ci cikakken abinci sau ɗaya, an kuma yarje masa ya ɗan taɓa wani abu kaɗan sau biyu don kada ya galabaita. Ruwa ba ya karya shi. Wajibcin na kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Sai kuma ƙaurace wa nama, wanda ya hau kan duk mai shekara 14 zuwa sama, ranar Larabar Toka da kowace Juma'a ta lokacin. Kifi, ƙwai da wake duk sun halatta. Marar lafiya da mai ciki da mai shayarwa an ɗauke musu. Fafaroma Paul na Shida ne ya tsara abin haka a 1966, kundin dokokin Coci na 1983 kuma ya tabbatar da shi a sashe na 1249 zuwa 1253.

Da can ba haka yake ba. A Turai ta tsakiyar zamani, ci ɗaya ake yi a yini duk tsawon lokacin in ban da Lahadi, shi ma sai rana ta karkata, kuma ba nama, ba ƙwai, ba madara. Kiristocin Habasha har yau suna riƙe da irin wannan tsanani, nasu ma kwana 55 ne. Dalilin da Paul na Shida ya bayar na sassautawa ya shafe mu kai tsaye. Ya bambanta ƙasashen da wadata ta yi yawa, inda ya ce a matsa wa kai a kuma taimaki matalauta, da ƙasashen da talauci ya yi katutu, inda ya ce wahalar da mutane ke sha kullum ita ce abin da za su miƙa wa Allah cikin addu'a, suna kuma fafutukar neman adalci. Duk wanda ya san ƙauyukan Kajuru ko na Malumfashi zai gane hikimar. Ka ce wa mutumin da ba ya ganin nama sai Kirsimeti ya daina cin nama ranar Juma'a, me ka hana shi? Shi ya sa Katolika da yawa a Arewa ke ƙara wa kansu abin da doka ba ta ɗora musu ba. Wasu na kame baki daga shida na safe zuwa sha biyu, wasu zuwa uku, wasu har shida na yamma. Wani ya ajiye burkutu, wani sigari, wata ta rufe Facebook sai bayan Ista, bikin tashin Yesu daga matattu. Ba na shakkar cewa zama cikin Musulmi da 'yan Fentikos ya taimaka wajen wannan ƙari, don mutum ba ya son a riƙa ganin azuminsa ya fi na kowa araha.

To amma wanda ya tsaya kan cin abinci bai ma shiga zauren maganar ba. Nauyin wannan lokaci ba a kan cikin mutum ɗaya aka ɗora shi ba, a kan ikilisiya aka ɗora shi, wato farish, yankin da Fada, limamin Katolika, guda ɗaya ke kula da shi tare da ƙananan majami'un da ke ƙarƙashinsa. Kuma tarihi ne ya sa haka.

A ƙarnonin farko na Kiristanci, yawancin masu shiga addinin manya ne, kuma daren Ista ake yi musu baftisma. Kafin daren akwai makonni na horo mai tsanani. Wata mata mai ziyarar ibada da ake kira Egeriya, wadda ta zauna a Urushalima wajen shekarun 381 zuwa 384, ta rubuta cewa bishop na zama da masu neman baftisma awa uku kowace safiya yana karantar da su Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa. Akwai kuma rukuni na biyu: waɗanda aka riga aka yi wa baftisma amma suka tafka babban laifi, irin su kisan kai, zina, ko musun bangaskiya lokacin tsanantawa. Waɗannan a Roma akan sa musu tsumma, a zuba musu toka, a ware su daga cin Jibin Ubangiji, gurasar da ake tsarkakewa a sujada, sai ranar Alhamis ta makon ƙarshe bishop ya maido su cikin jama'a. Sauran masu bi ba su zuba ido kawai ba. Sun riƙa yin azumi tare da rukunan biyu, suna yi musu addu'a. Daga nan lokacin ya samo asali: ana shirya sababbi su shigo, ana shirya waɗanda suka fanɗare su dawo, jama'a kuma na rakiya. Taron bishop-bishop na Nikiya a 325 ya riga ya ambaci kwanaki arba'in ɗin a matsayin abin da aka sani. Da tuban bainar jama'a ya gushe, toka ba ta gushe ba, sai ma ta koma ta kowa. A 1091 Fafaroma Urban na Biyu ya umarci a riƙa sa wa kowa da kowa, malamai da sauran masu bi, maza da mata.

Lissafin arba'in ɗin kan rikita mutane. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista kwana 46 ne. A cire Lahadi shida, domin Lahadi ranar tashin Yesu ce ba a azumi a cikinta, saura 40, adadin kwanakin da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji, da na Musa a kan dutsen Sina'i, da tafiyar Iliya zuwa Horeb. Ranar farawa kuma tana yawo ne saboda Ista na bin wata: Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa Ista ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A ƙasar Hausa wannan na nufin kullum azumin na kamawa daga ƙarshen hunturu ya shiga tsakiyar bazara, lokacin da zafi a Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, lokacin kuma da manomi ke sharar gona, yana tara kara da ƙaya yana cinna musu wuta kafin ruwan farko. Aikin da Coci ke nema a yi wa zuciya a makonnin nan bai wuce irin wannan sharar ba.

Tokar ma ƙone-ƙone ce. Ganyen dabino ko na kwakwar manja da aka yi jerin gwano da shi a Lahadin Dabino ta bara, wanda mutane suka saƙale a bango ko bayan gicciye a ɗaki har ya bushe, shi ake tattarowa a ƙona, a tankaɗe, Fada ya sa masa albarka. Mai shafawa zai ce ɗaya daga cikin kalmomi biyu: ko dai ya tuna wa mutum cewa shi turɓaya ne, ga turɓaya kuma zai koma, daga Farawa 3:19, ko ya ce masa ya tuba ya gaskata da bishara, daga Markus 1:15. Abin mamaki, Larabar Toka ba ta cikin ranakun da doka ta wajabta zuwa Mas, babbar sujadar Katolika, amma majami'a kan cika ta batse fiye da Lahadi da yawa. Za ka ga fuskokin da ba a gani ba tun Kirsimeti. Wani dalili shi ne toka ba ta da sharaɗi. Wanda aurensa bai daidaita a Coci ba, wanda ya shekara goma bai je ikirari ba, wato furta zunubi a gaban Fada, yaro na goye, har wanda ba a yi wa baftisma ba, kowa na iya miƙa goshi. Katikis ma, wato mai koyar da addini da ke taimaka wa Fada, na iya ɗaukar tokar da Fada ya sa wa albarka ya kai ƙauye ya shafa wa mutanensa. A 2021, saboda korona, Vatikan ta ce a barbaɗa ta a ka ba tare da taɓa mutum ba, mutane da yawa kuwa suka ji kamar an rage musu wani abu, don ba a ganin ta a goshi.

Nan akwai wani ɗan saɓani da Coci ba ta ɓoye shi. A ranar da kowa ke fita da alama a goshi, bisharar da ake karantawa ita ce Matiyu sura 6, inda Yesu ya ce in za ka yi azumi ka wanke fuska ka shafa mai kada mutane su gane, in za ka yi sadaka kada hagunka ya san abin da damanka ke yi, in za ka yi addu'a ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Karatun farko kuma daga Yowel ne, mai cewa zuciya za a kyakketa ba tufafi ba. Fada mai hankali kan yi wa'azinsa a kan wannan gaɓar. Tokar shaida ce cewa mai ɗauke da ita mai zunubi ne, ba lambar yabo ba ce. Daga wannan sura ta Matiyu aka ɗauko ginshiƙai uku na lokacin: addu'a, azumi, sadaka.

Daga ranar majami'a kan canza kama. Fada ya koma sa tufafi ruwan shunayya, a kwashe furanni daga bagade, a daina rera Halleluya da waƙar ɗaukaka, mawaƙa su sassauta ganga da kacau-kacau. A inda Mas ɗin Hausa ya saba da kiɗa da rausaya, wannan shiru ana jin sa a jiki. Ba a haramta ɗaurin aure ba sai ranar Juma'a Mai Kyau da Asabar ɗin da ke bin ta, amma ikilisiyoyi da yawa kan ce a dakata sai bayan Ista, abin da kan jawo gunaguni, tunda rani ne lokacin biki wurin manoma.

Tsohon aikin shirya masu neman baftisma kuwa, wanda a Turai ya kusa zama tarihi, a Arewa yana nan da ransa. Bayan babban taron Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, Coci ta farfaɗo da tsarin a 1972. A Lahadin farko ta azumi ake rubuta sunayen waɗanda aka amince sun shirya. A Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar ake fito da su gaban jama'a a yi musu addu'o'in bincike da tsarkakewa, ana karanta labarai uku daga Yohanna: matar Samariya a bakin rijiya, mutumin da aka haifa makaho, da tayar da Li'azaru. Ruwa, haske, rai. A tsakani ake damƙa musu ƙa'idar bangaskiya da addu'ar Ubangiji su haddace. Kowannensu na da uban baftisma ko uwar baftisma da zai tsaya masa, ya shaida halinsa a gaban jama'a.

Wa ke yin wannan aiki? A takarda Fada ne, a zahiri katikis ne. Farish ɗaya a karkarar dayosis, wato yankin bishop, na Kano, Zariya, Kafanchan ko Kontagora na iya ƙunsar ƙananan majami'u masu yawa da ke warwatse, wasu sai an yi tafiya mai nisa a babur. Fada kan kai ga wasu sau ɗaya a wata, wasu ma ba ya samun haka. Katikis ne ke jagorantar sujadar Lahadi in babu Fada, shi ke koyar da katikisim a gindin bishiya ko a benci bayan an tashi, shi ke binne mamaci, shi ya san wanda ya daina shan giya da gaske da wanda ya ɓoye tulun a bayan rumbu. In Fada ya zo jarraba masu neman baftisma, maganar katikis ce ke yanke hukunci. Mutumin nan galibi manomi ne mai iyali, abin da ake ba shi kuma bai kai ya kawo ba. A ganina duk wani bayani kan sabunta ruhaniya a ikilisiyoyin Arewa da bai fara da shi ba, bayanin birni ne. Ƙirƙiro dayosis ɗin Katsina a 2023, da naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya zama bishop ɗinta na farko, 'ya'yan irin wannan aikin ne na shekaru da dama a ƙauyukan Hausawa Kirista.

A wannan shiri ne kuma ake cin karo da matsala mafi ɗaci: aure. Coci ba ta yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma yana tare da su duka. Sashe na 1148 na dokar ya ce ya zauna da ɗaya, ta farko in zai yiwu, in hakan ya yi masa tsanani ya zaɓi ɗaya daga cikin sauran, bishop kuma ya tabbatar an biya wa waɗanda aka rabu da su bukatunsu bisa adalci. A rubuce abin ya yi tsaf. A gidan da mace ta shekara ashirin ta haifi 'ya'ya shida, ba tsaf ba ne. Shi ya sa ake samun dattawan da ke zuwa majami'a shekara da shekaru, su ne kan gaba wajen aikin gayya, amma sunansu bai taɓa shiga littafin Lahadin farko ba, wasu sai a gadon mutuwa. Akwai kuma ma'auratan da aka yi musu auren gargajiya kawai ba a ɗaura a Coci ba, waɗanda ba sa karɓar Jiki Mai Tsarki, wato Jibin Ubangiji. Lokacin azumi ne katikis da shugabannin zumunta ke bin su gida-gida, a shirya su, a ɗaura musu aure a taru bayan Ista, ba tare da kashe kuɗin biki ba. Sau da yawa abin da ya hana su tun farko ba rashin bangaskiya ba ne, tsoron ɗawainiyar shagali ne.

Tsohon aiki na biyu, maido da mai laifi, shi ne ya zama ikirari, furta zunubi a gaban Fada. Tun taron Lateran na Huɗu a 1215 doka ta ce kowane mai bi ya yi ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jiki Mai Tsarki a lokacin Ista. Wannan ya sa makonnin ƙarshe na azumi layi kan yi tsawo. Fadoji na yanki ɗaya kan haɗu su riƙa zagaya ikilisiyoyin juna, yau a nan gobe a can, kowa ya ja kujera ya zauna a wani lungu ko ƙarƙashin mangwaro. Hikimar a fili take: mutum ya fi sakin baki a gaban baƙon Fada da ba zai haɗu da shi gobe a taron kwamiti ba. Sirrin abin da aka faɗa kuwa ba shi da togaciya. Fadan da ya tona shi kai tsaye ya fita daga tarayyar Coci nan take, kuma Vatikan kaɗai ke iya ɗage wannan hukunci.

Masu kallo daga waje kan ɗauka ikirari wanka ne, ka shiga da dauɗa ka fito fes ka koma inda ka fito. Koyarwar ba haka ta ce ba. Babu gafara ga wanda bai ƙudurta dainawa ba, wanda kuma ya ci haƙƙin wani sai ya mayar. Wanda ya matsar da iyakar gona ya maido da ita, wanda ya ci kuɗin adashin zumunta ya biya, wadda ta ɓata sunan kishiyar 'yar'uwarta ta nemi hanyar gyarawa. A ƙaramar ikilisiya inda kowa ya san kowa, nan ne ibadar mutum ɗaya ke zama maganar jama'a. 'Yan'uwa biyu da ba sa ga-maciji saboda gado ba za su iya miƙa wa juna hannun salama ranar Lahadi a rasa mai lura ba. Ba kullum ake nasara ba, kuma akwai masu zuwa layin don al'ada kawai. Amma dattawan majami'a sun san in akwai lokacin da za a iya zaunar da masu gaba su saurara, to wannan ne.

Abin da ya fi tara jama'a a makonnin shi ne Hanyar Gicciye, kowace Juma'a da yamma, a wasu wurare har da Laraba. Matsaya 14 ce, daga yanke wa Yesu hukunci zuwa sa shi a kabari, adadin da Fafaroma Clement na Sha Biyu ya tsayar a 1731 bayan 'yan ɗarikar Faransis sun yaɗa ibadar don waɗanda ba za su iya zuwa Urushalima ba. A kowace matsaya a durƙusa, a karanta, a yi waƙa, a matsa gaba. Ba ta bukatar Fada, don haka ƙauyen da ya fi kowane nisa ma na iya yin ta. Tana kuma yin wani aiki da ba a cika faɗa ba. Manyan ikilisiyoyin birni, irin na Sabon Garin Kano da ke kewaye da babbar majami'ar Our Lady of Fatima, ko na St Joseph a Kaduna, taron ƙabilu ne: Ibo, Tibi, Idoma, Bajju, Atyap, Hausawa da sauransu. Ranar Lahadi kowa na da Mas ɗin da ya saba zuwa, na Turanci ko na Hausa, da ƙungiyar garinsu, har mutum ya shekara bai gaisa da na ɗaya Mas ɗin ba. Hanyar Gicciye da sujadun Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista, su ne ke cusa su wuri guda, a yi matsaya ɗaya da wannan harshe, ta gaba da wancan.

Sadaka ita ce ginshiƙin da aka fi saurin yi wa kwange. Ranar Juma'ar farko bayan toka ake karanta Ishaya sura 58, inda Allah ke tsawata wa masu azumi suna zaluntar ma'aikatansu, ya ce azumin da yake so shi ne a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar gida. A ikilisiya, masu ɗaukar wannan kaya sanannu ne. Ƙungiyar St Vincent de Paul, wadda Frédéric Ozanam da abokansa suka kafa a Paris a 1833, ita ke riƙe da sunayen gwauraye da marasa lafiya. Zumuntar Matan Katolika, da anko ɗinsu da waƙoƙinsu na Hausa, su ke tara mudun masara da dawa, sabulu da zannuwa, su kai gidan yari, asibiti ko inda 'yan gudun hijira suka yada zango. Hukumar adalci, ci-gaba da zaman lafiya ta kowace dayosis, tare da Caritas, ƙungiyar agaji ta Cocin, kan shirya gangamin tara gudummawa na lokacin. Kuma abin na zuwa a kan gaɓa, don a bazara ne rumbun talaka ke fara nuna gindi, hatsi na tashi a kasuwa. Inda nake da ƙorafi shi ne yadda wasu ikilisiyoyi ke cakuɗa wannan da harajin gini, kuɗin motar Fada da bashin dayosis, duk a jero su cikin sanarwa ɗaya mai tsawon da ya fi wa'azi. Wanda aka tatsa sau huɗu kafin a zo kan akwatin matalauta, me ya rage masa ya saka?

Sai maganar da ba a iya tsallakewa a Arewa ta yau. A watan Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kaduna suka sace ɗalibai huɗu. Uku sun dawo, na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka tsinta. Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ne ya yi wa'azin jana'izarsa. Makonni kaɗan bayan haka bishop-bishop na Najeriya suka nemi Katolika su sa baƙaƙen kaya ranar Larabar Toka, 26 ga Fabrairu, don makokin waɗanda aka kashe da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ranar 1 ga Maris kuma su da kansu suka yi tattaki a Abuja cikin baƙaƙen tufafi. Shekara biyar bayan nan, aka ɗauke Fada Sylvester Okechukwu na dayosis ɗin Kafanchan daga gidansa a Tachira, ƙaramar hukumar Kaura, daren 4 ga Maris 2025, aka sami gawarsa washegari, ranar Larabar Toka. Ga mutanen da ke zaune a irin waɗannan wurare, kalmar turɓaya da ake faɗa a goshinsu ba tunatarwa ce daga nesa ba. Rashin tsaron ya kuma taɓa tsarin ibadar kanta. Fada na lissafin hanya kafin ya je ƙauye jin ikirari. Ana matso da Hanyar Gicciye don a watse da sauran rana. Matasa na tsayawa a ƙofa suna duba jakunkuna. Ƙauyen da aka tasa kuwa, masu neman baftismarsa sun warwatsu, sai katikis ya bi sawunsu a garin da suka sauka.

Mako Mai Tsarki na buɗewa da jerin gwanon Lahadin Dabino. A cikin makon bishop kan tara dukan fadojinsa a babbar majami'a, su sabunta alkawarinsu, ya sa wa mai iri uku albarka: na masu neman baftisma, na marasa lafiya, da mai ƙamshi na shafewa, kowane Fada ya ɗebi na ikilisiyarsa. A ƙa'ida lokacin azumi na ƙarewa da yammacin Alhamis, kafin Mas ɗin da Fada ke durƙusawa ya wanke ƙafafun mutanensa, wanda tun 2016 Fafaroma Francis ya ba da izinin a sa mata a ciki. Ranar Juma'a Mai Kyau ba a yin Mas ko'ina a duniya. Matasa kan yi wasan kwaikwayon shan wuyar Yesu a kan titi da rana tsaka, wajen ƙarfe uku a karanta labarin daga Yohanna, jama'a su yi layi su sumbaci gicciye, baikon ranar kuma a aika wa Kiristocin Ƙasa Mai Tsarki.

Daren Asabar ake hura sabuwar wuta a waje, a kunna babbar kyandir, a shiga majami'a cikin duhu, a yi karatu har bakwai daga Tsohon Alkawari, sannan a fito da waɗanda aka rubuta sunayensu makonni shida da suka wuce a yi musu baftisma, sauran jama'a kuma su sabunta nasu alkawarin. Doka ta ce kada a fara wannan sujada sai dare ya yi, a kuma gama kafin gari ya waye. A wuraren da hanya ba ta da aminci akan fara da zarar rana ta faɗi, a taƙaita karatun zuwa uku da doka ta yarda da su. Farish kuwa Fada ɗaya gare shi, daren kuma ɗaya ne, don haka ƙauyuka da yawa ba sa samun nasu a daren. Masu neman baftismarsu ko dai su tako zuwa hedikwatar farish su kwana a can, ko su jira Fada ya zagayo gare su cikin kwana 50 ɗin da ke tsakanin Ista da bikin Fentikos, yana sauri ya gama kafin damina ta sauka rafuka su cika, mutane kuma su koma gona.